Ƙuri'a Bakwai

Ni na ɗauko shi a kabu-kabuna,
asubar zaɓensa na farko, daga Rijiyar Ɗorowa,
akwati bisa cinya, ya rungume kamar jinjiri,
biro biyu a aljihu, ɗaya na aro.
Sahabi Nomau, malamin lissafi,
aka ba shi rumfa ƙarƙashin dogon yaro
a makarantar da iskar bara ta yaye wa rufi.

Ranar Sakkwato ba ta san jami'i ba.
Ta gasa shi har tawada ta bushe,
ya ɗiga mata ruwan leda,
layi ya ci gaba.

Da dare muka ƙirga da fitilar babur.
Wata takarda ta zo, yatsa ya hau kan layi,
rabi nan, rabi can.
Ya san yatsan, da tabon wuƙar albasa a tsakiya:
na Inno ne, wadda ta haife shi.
Ya ɗaga sama kowa ya gani,
ya ce, "Wagga ta ɓaci."
Labari ya riga shi isa gida.
Kwana uku tsohuwa ba ta amsa gaisuwarsa ba.

Shekara goma sha ɗaya yana bin akwati,
daga rumfa zuwa mazaɓa, zuwa ɗakin tattara sakamako,
inda fanka ke juyi ba iska,
wakilan jam'iyyu na zufa da carbi a hannu.
An taɓa aiko masa rago da buhun shinkafa,
ya sa ni na mai da su.
Ragon ya jiƙa min baya tun daga Dandima.
Har yau ban yafe wa ragon ba.

Sai unguwa ta ce, kai da ka iya ƙirga,
zo ka ƙirga mana kwalbatocin da suka toshe.
Ya ajiye aiki, ya tsaya kansila, ya ci.

Nan ya gane takarda ta fi mutum sauƙi:
inda ka ajiye ta, nan za ta kwana.
Mutum kuwa kafin ka shafa addu'a yana ƙofar gida
da katin asibiti, da bikin suna, da rigimar fili.
Ya yi ta fama da bolar bayan kasuwa,
a kwashe Litinin, Laraba ta dawo da 'ya'yanta.
Ya samo burtsatse biyu, ɗaya ya ba da ruwa,
ɗayan har gobe awaki ke sosa jiki da shi.
Ya sa aka buga wa rasit ɗin 'yan tebur lamba,
masu karɓar haraji suka daina ba shi hannu a masallaci.

Ba waliyyi ba ne.
Ya sa ƙanen matarsa cikin masu shara,
yaron da bai san inda ake kama tsintsiya ba.
Ni ma ya yi min alkawarin sabon babur,
ga ni nan kan tsohon.

Da ya nemi kujerar ciyaman,
Hajo ce ta tattara sakamako,
ɗalibarsa, shi ya koya mata
ɗaga takarda sama kowa ya gani.
Ta karanta, murya na rawa:
ƙuri'a bakwai suka raba.
Yara suka taso da duwatsu, lauya ya taso da jaka.
Ya ce, "Ku miƙo min takardar."
Ya bi ta da biro, layi-layi, leɓe na motsi,
har ladan ya yi kiran assalatu.
Ya ce da wakilinsa, "Sa hannu.
Lissahinta daidai na. Ku tai gida."

Yanzu shago gare shi a Mabera,
littattafan rubutu, alli, da injin hoton takardu.
In na biya da yamma mu sha shayi,
sai in ga yatsunsa bisa benci
suna tafiya, ɗaya, biyu, har bakwai,
su tsaya, su koma farko.
Ba na tambaya.
Ni ma ranar ban jefa tawa ba,
ina ta jigilar tsofaffinsa har aka rufe layi.
Ban taɓa gaya masa ba.

Ko da yake mutumin ya iya ƙirga.